Shin Amurka ta shirya zaɓen mace? Abin da baki ke faɗa da abin da akwati ke nunawa

Masu kallonmu, assalamu alaikum.

A shekarar 1937, kamfanin Gallup da ya yi suna wajen jin ra'ayin jama'a ya tambayi Amurkawa ko za su zaɓi mace shugabar ƙasa idan ta cancanta. Kashi 33 cikin ɗari ne kacal suka ce e. A 1958 aka fara yin irin wannan tambaya a kan baƙar fata, waɗanda suka amince ba su kai kashi 40 ba. Daga 1999 zuwa yau kuwa, duk lokacin da aka yi tambayoyin nan biyu, wajen mutum 90 cikin ɗari ko fiye ne ke cewa su ba ruwansu da launi ko jinsi, cancanta suke bi.

To mu leƙa akwati. Baƙar fata ɗaya ya ci zaɓe, har sau biyu. Mata biyu sun samu tikitin babbar jam'iyya, dukkansu sun sha kaye, kuma a hannun mutum ɗaya, Donald Trump. Tun daga George Washington a 1789 har zuwa yau, mace ba ta taɓa zama a kujerar nan ba. Bayan zaɓen 2024, ita kanta Michelle Obama, wadda magoya baya suka daɗe suna roƙon ta fito takara, ta ce a daina kallonta, ƙasar ba ta shirya wa mace ba.

Ke nan wa za mu gaskata, kashi 90 ɗin nan ko Michelle?

Kafin mu je can, a tuna cewa ita kanta ƙuri'ar ba a daɗe da ba kowa ba. A takarda, maza baƙaƙen fata sun samu 'yancin zaɓe a 1870, amma jihohin kudu suka bi ta bayan gida da harajin zaɓe da jarrabawar karatu da barazana, suka ƙwace shi, har sai da aka yi dokar kare 'yancin zaɓe a 1965. Mata kuwa sai 1920 aka ba su a faɗin ƙasa. Akwai tsofaffi a jihohi irin su Alabama da Mississippi da aka kora daga wurin rajista suna samari, suka rayu har suka dangwala wa Obama.

A 1972 wata tsohuwar malamar makarantar yara daga unguwar Brooklyn ta birnin New York, Shirley Chisholm, ta nemi tikitin jam'iyyar Democrat. Ita ce baƙar fata mace ta farko da ta shiga majalisar wakilai, a zaɓen 1968. Ba kuɗi, ba manyan iyayen gida. Yawancin 'yan uwanta baƙaƙen fata maza da ke majalisa ba su mara mata baya ba, wasu manyan masu fafutukar 'yancin mata kuma suka yaba mata da baki, suka kai ƙarfinsu wurin Sanata George McGovern, wai shi ne mai iya ci. Ta tashi da ƙuri'un daliget 152 a babban taron jam'iyya. McGovern ɗin da aka ce shi zai iya, jiha ɗaya tak ya ci cikin 50 a babban zaɓe. Chisholm ta sha faɗa cewa a siyasa wariyar da ta gani saboda ita mace ce ta fi wadda ta gani saboda baƙar fatarta. Ku riƙe maganar nan ta "wa zai iya ci", don ita ce zuciyar wannan bidiyo.

Yanzu ga matsala ta farko: mutane na gyara magana idan baƙo ya tambaye su.

A 1982 magajin garin Los Angeles, Tom Bradley, baƙar fata kuma tsohon ɗan sanda, ya nemi gwamnan Kalifoniya. Jin ra'ayin jama'a ya nuna shi ne a gaba, har a daren zaɓe wasu suka fara cewa ya ci. Da gari ya waye, George Deukmejian ne gwamna, da tazarar da ba ta kai ƙuri'a dubu ɗari ba a jihar da aka kaɗa miliyoyi. A 1989 abu makamancin haka ya so ya faru da Douglas Wilder, baƙar fata da ya nemi gwamnan Virginia: an ba shi rata mai faɗi a jin ra'ayi, amma da ƙyar ya sha, da ƙasa da ƙuri'a 7,000. Daga nan aka laƙaba wa abin sunan Bradley. Ma'anarsa, mutum ya ce wa mai tambaya zai zaɓi baƙar fata don kada a ɗauke shi mai wariya, amma ta ciki na ciki, idan ya shiga rumfa shi kaɗai sai ya yi abin da ke ransa. Har yau masana na jayayya a kan zaɓen Bradley ɗin kansa, wasu na cewa batun dokar bindiga da ke kan takardar zaɓe a shekarar ne ya fito da mutanen karkara fiye da yadda aka zata. Amma kowa ya yarda mutane kan ɓoye irin wannan ra'ayi.

To yaya za ka auna abin da mutum ba ya so ya faɗa? Wasu masana kimiyyar siyasa sun yi wata dabara a 2006, kuma ta cancanci mu tsaya a kanta. Suka raba mutane gida biyu. Gida na farko aka karanta musu abubuwa huɗu: yadda farashin man fetur ke ta hawa, miliyoyin da ake biyan 'yan wasa, dokar tilasta ɗaura bel a mota, da yadda manyan kamfanoni ke gurɓata muhalli. Aka ce kada ka faɗa mana waɗanne, faɗa mana guda nawa ne ke ɓata maka rai. Gida na biyu aka karanta musu waɗannan huɗu, aka ƙara na biyar: mace a kujerar shugaban ƙasa. Wanda ya ce "uku" bai tona kansa ba, don ba wanda ya san waɗanne uku yake nufi. Amma idan aka haɗa lissafin gidajen biyu, bambancin da ya fito na abu na biyar ne. Sakamakon ya nuna kusan kashi 26, wato mutum ɗaya cikin huɗu, ransa zai ɓaci idan mace ta hau. Da wasu masanan suka maimaita gwajin a 2016, adadin ya sauko zuwa wajen kashi 13. An samu ci gaba sosai, amma a ƙasar da ake cin zaɓe da tazarar kashi ɗaya ko biyu, 13 ba abin wasa ba ne.

Wannan ita ce matsalar da kowa ya sani. Ta biyu ba a cika maganarta ba, ni kuma a ganina ta fi ta farkon ɓarna.

A tsakiyar 2019 kamfanin Ipsos ya tambayi 'yan Democrat da 'yan ba-ruwanmu ko hankalinsu zai kwanta da mace shugabar ƙasa. Kashi 74 suka ce e. Sai aka ce, to maƙwabtanku fa? Kashi 33 kawai suka ce suna ganin maƙwabtansu za su yarda. Ku lura da abin da ke nan. Kowa na cewa ni dai na shirya, na kusa da ni ne bai shirya ba, alhali shi ma na kusa da shi ɗin haka yake faɗa a kansa. Kuma wannan zato ba a baki yake tsayawa ba. Mai jefa ƙuri'a a zaɓen fidda gwani yana son mace a ransa, amma sai ya ce bari in zaɓi wanda maƙwabcina zai iya zaɓa. Mai ba da kuɗin kamfe shi ma ya yi wannan lissafi. A zagayen 2020 mata shida ne suka nemi tikitin Democrat, huɗu daga ciki sanatoci, irin su Elizabeth Warren da Amy Klobuchar da Kamala Harris. Jam'iyya ta ƙare da Joe Biden, dattijo farar fata mai shekara 77, kuma babbar hujjar da aka riƙa bayarwa ita ce shi ne zai iya kayar da Trump. Babu wanda ya ce yana ƙin mace. Kowa tsoron ƙiyayyar wani yake.

Wanda ya fi kowa nuna yadda ake karya wannan tsoro shi ne Barack Obama, kuma wurin da ya karya shi ba wurin da za ku zata ba ne.

A ƙarshen 2007, jin ra'ayi na nuna Hillary Clinton ce ke gaba a tsakanin baƙaƙen fata 'yan Democrat. Manyan dattawan gwagwarmaya irin su John Lewis, wanda 'yan sanda suka fasa wa kai a gadar Selma a 1965, ita suka bi. Ba don suna ƙin Obama ba. Sun ga Jesse Jackson, shi ma baƙar fata, ya gwada a 1984 da 1988, ya tara kusan ƙuri'a miliyan bakwai a karo na biyu, bai samu tikiti ba. Wasu iyaye mata ma tsoronsu shi ne kada a kashe yaron nan. Lissafinsu shi ne Turawa ba za su zaɓe shi ba, don me za a zubar da ƙuri'a?

Sai ga daren 3 ga Janairun 2008 a jihar Iowa, jihar masara da aladu, inda sama da mutum 90 cikin ɗari fararen fata ne. Zaɓen fidda gwanin Democrat na Iowa a lokacin ba na sirri ba ne. Mutane kan fito cikin sanyin hunturu da daddare, su taru a ɗakin wasanni na makaranta ko zauren coci, a ce magoya bayan wane su tsaya a wannan kusurwa, na wance a waccan. Maƙwabcinka na kallonka, malamin 'ya'yanka na kallonka. Ƙungiyar da ba ta kai kashi 15 na mutanen ɗakin ba sai ta watse, sauran su yi ta zawarcin mutanenta. A irin wannan fili, gaban idon kowa, Obama ya zo na ɗaya da kusan kashi 38, Hillary ta zo ta uku. Makonni uku bayan haka, a South Carolina, kusan takwas cikin kowane goma na baƙaƙen fata shi suka zaɓa. A watan Fabrairu John Lewis ya sauya sheƙa. Ra'ayinsu a kan Obama bai canza ba a cikin makonnin nan. Abin da ya canza shi ne zatonsu game da Turawa.

A Nuwamba ya ci wakilan zaɓe 365 cikin 538 da jihohi ke bayarwa, abokin karawarsa na Republican John McCain ya samu 173. Ya ci Virginia da Indiana, jihohin da ɗan Democrat bai ci ba tun 1964. Ya samu kashi 43 na ƙuri'un fararen fata, fiye da abin da ɗan takarar Democrat John Kerry, farar fata, ya samu shekara huɗu kafin nan. Abin da aka ji tsoro na Bradley bai bayyana ba, alƙaluman jin ra'ayi sun yi daidai da sakamako.

Amma kada a yi saurin guɗa. Iska ta kaɗa masa sosai a shekarar: yaƙin Iraƙi ya gundure mutane, farin jinin George Bush ya faɗi warwas, bankin Lehman Brothers ya durƙushe a tsakiyar Satumba, mutane na rasa gidaje da ayyuka. Duk da haka, a jihohin Arkansas da Louisiana da Tennessee, tazarar da aka kayar da ɗan Democrat da ita ta ƙaru a kan ta 2004, a shekarar da kusan duk ƙasar ta karkata wajensa. Sannan ga jita-jitar cewa ba a Amurka aka haife shi ba, wadda Donald Trump ya riƙa hura wa wuta har sai da fadar White House ta fito da cikakkiyar takardar haihuwarsa a Afrilun 2011. Ga kuma wadda ta shafe mu: cewa wai Musulmi ne a ɓoye. A wani gangami a Minnesota, wata dattijuwa ta karɓi makirufo ta ce ba ta yarda da Obama ba, Balarabe ne. McCain ya girgiza kai, ya karɓe makirufon, ya ce a'a, mutumin kirki ne mai iyali. An yaba masa, amma amsar ta bar baya da ƙura, kamar dai Balarabe ba ya zama mutumin kirki. Tsohon sakataren harkokin waje Colin Powell ne ya fito a talabijin ya yi tambayar da ta dace: Kirista ne, amma ko da Musulmin ne fa, laifi ne? A 2019, waɗanda suka ce wa Gallup za su iya zaɓen Musulmi kashi 66 ne.

Mu koma kan mata. A 2016 Hillary Clinton ta fi Trump yawan ƙuri'u da kusan miliyan uku. Wannan kaɗai ya isa ya rikita maganar "ƙasa ba ta shirya ba", don mafi yawan waɗanda suka zaɓi ɗaya cikin su biyun ita suka zaɓa. Sai dai Amurka ba da jimillar ƙuri'u ake ci ba. Kowace jiha na da adadin wakilan zaɓe, duka 538, wanda ya haɗa 270 ya ci, kuma a kusan duk jihohi wanda ya zo na ɗaya shi ke kwashe wakilan gaba ɗaya. Ƙuri'un da suka raba su a Michigan da Wisconsin da Pennsylvania, idan aka haɗa, ba su kai dubu tamanin ba. Da wannan 'yar tazara, kowane dalili ka kawo zai iya zama shi ne: jinsinta, wasiƙar shugaban FBI James Comey kan saƙonninta na imel kwana 11 kafin zaɓe, rashin zuwanta Wisconsin kamfe bayan ta samu tikiti, ko gajiyar mutane da sunan Clinton.

Kamala Harris kuwa kwana 107 kacal ta samu, bayan Biden ya janye a ranar 21 ga Yulin 2024. Ta samu wakilai 226, Trump 312, kuma a wannan karo ya fi ta yawan ƙuri'u, da tazarar kusan kashi ɗaya da rabi. Ta shiga takara ɗauke da kayan gwamnati mai ci a lokacin da tsadar rayuwa ta ishi mutane, a shekarar da masu mulki suka sha duka a ƙasashe da dama, daga Birtaniya zuwa Ghana da Botswana. Yaƙin Gaza ma ya raba ta da Larabawa da Musulmi da yawa a Michigan. Shin jinsinta da launinta sun ci mata ƙuri'u? Zai yi wuya a ce ko kaɗan. Sun kai su zama sanadin faɗuwarta? Gwaji biyu, da abokin karawa ɗaya, daga jam'iyya ɗaya, bai isa a yanke hukunci a kan rabin al'umma ba. McGovern da Walter Mondale, ɗan takarar Democrat a 1984, kowannensu jiha 49 ya rasa, ba wanda ya ce Amurka ba ta shirya wa namiji farar fata ba.

An taɓa yin irin wannan hukunci a baya. A 1928 Al Smith, ɗan ɗariƙar Katolika na farko da babbar jam'iyya ta tsayar, ya sha mummunan kaye. Aka ce shi ke nan, Amurka ba ta zaɓen Katolika. Sai da aka yi shekara 32 kafin a sake tsayar da wani, John Kennedy, ya ci a 1960. Biden ma Katolika ne, kuma da ƙyar ka ji an tayar da maganar a 2020.

To me ya sa wasu ƙasashe suka riga Amurka? Sri Lanka tun 1960, Indiya 1966, Birtaniya 1979, Pakistan 1988. Ba lallai mutanensu sun fi Amurkawa sassauci a kan mata ba. Yawancinsu tsarin firaminista suke bi, inda jam'iyya ke zaɓen shugabarta a cikin gida. Margaret Thatcher 'yan majalisar jam'iyyarta ne suka ɗora ta a 1975, sunanta kuma a mazaɓar Finchley kawai ya fito a takardar ƙuri'a. A kudancin Asiya kuma gida ne ya buɗe ƙofa: Indira Gandhi 'yar Nehru ce, Benazir 'yar Zulfikar Ali Bhutto, Sirimavo Bandaranaike matar firaministan da aka kashe. Inda misalin ya fi kama da Amurka shi ne Laberiya, inda Ellen Johnson Sirleaf ta kayar da George Weah a zagaye na biyu a 2005, da kuma Meksiko. Meksiko ta yi suna wajen fifita maza, matanta sai 1953 suka samu ƙuri'a, amma ta sa a tsarin mulki cewa dole jam'iyyu su raba takara daidai tsakanin maza da mata. Cikin shekara goma aka samu mata gwamnoni da ministoci da rabin majalisa. Da 2024 ta zo, manyan 'yan takarar biyu duk mata ne, Claudia Sheinbaum ta ci da kusan kashi 60. Ba a ma samu sararin tambayar ko an shirya ba.

Mu ma nan mun san inda gizo ke saƙar. A zaɓen fidda gwanin PDP na Janairun 2011 a dandalin Eagle Square, Sarah Jibril ƙuri'a ɗaya ta samu cikin dubban daliget. Talakan Najeriya ba a kai ga tambayarsa ba, an gama magana tun a ƙofar jam'iyya.

Saboda haka mai son sanin inda Amurka ta dosa kafin 2028, ya rage kallon kashi 90 na Gallup, ya duba matakalar da ake hawa. Shugabannin Amurka yawanci daga kujerar gwamna ko sanata ko mataimakin shugaba suke fitowa. A duk tarihin ƙasar, baƙaƙen fata uku ne kawai aka zaɓa gwamna: Douglas Wilder a Virginia, Deval Patrick a Massachusetts, da Wes Moore a Maryland. Baƙar fata mace ba a taɓa zaɓa gwamna ba ko sau ɗaya. Mata a majalisar dattawa wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne, kuma sai a Janairun 2025 aka fara ganin baƙaƙen fata mata biyu a zauren a lokaci guda. A ɓangaren Republican, Nikki Haley ce mace ta farko da ta ci zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa a jam'iyyar, a birnin Washington da jihar Vermont a 2024. Akwai masu hasashen cewa mace ta farko za ta iya fitowa daga can, kamar yadda Thatcher da Angela Merkel da Giorgia Meloni duk suka fito daga jam'iyyun masu ra'ayin riƙau, saboda masu ɗari-ɗari da shugabancin mace sun fi yawa a wannan ɓangare, kuma a Amurkar yau mutum ya fi bin tutar jam'iyyarsa a kan komai. Idan tasu ce a kan tikiti, da wuya su tsallaka su zaɓi ɗan Democrat.